Gem Ɗin da Ba Zai Lalace Ba

Litinin, 2 ga wata, 7:15 na safe

Wannan littafin na rubuta lambobin kayan gyara ne, amma rabinsa na baya babu komai, ni kuma babu wanda zan gaya wa. To bari in gaya wa takarda.

Yaya ta zo jiya da saƙo. Ko zama ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a hammata, ta ce Manaja tana son tsohon gem ɗinta na wasan talabijin da memorin ajiye wasa da ke jikinsa, kafin su tafi garin makarantarta ita da mamanta ran ashirin da uku. Manaja 'yata ce, ita kaɗai gare ni. Tun tana shekara biyar take ɗarewa kan kujerar shagona tana ce wa masu kawo gyara su dawo jibi, shi ya sa sunan ya bi ta. Yanzu shekararta sha tara, kuma yau kwana ashirin da shida ban ji muryarta ba.

Na ce, "Iyakar abin da ta ce ke nan?"

Yaya ta ce, "Me kake so ta ce?"

Na ce ko za ta sha ruwa. Ta leƙa falon, ta ga kujerun nan har yanzu a jere yadda aka jera su ranar da manya suka zo, ta ce a'a, tana sauri.

Litinin, 2:40 na rana

Na sauko da kwalin daga saman kabad. Gem ɗin ya mutu murus. Ba irin mutuwar da nake tayarwa ba. Kafasito, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun yi yoyo sun cinye fanel ɗin da kayan ciki ke zaune a kai, layukan tagulla sun koma kore, kana taɓawa suna bin yatsa. Shekara ashirin da huɗu ina gyaran na mutane, na gidana ya ruɓe a saman kaina ban sani ba.

Memorin dai lafiyarsa lau. Na sa shi a aljihun gaba.

Talata, 3 ga wata, 11:00 na safe

Dole in haɗa mata wani. Na kwana ina lissafin wanne.

Irin gem ɗin nan kashi uku ne, mu masu gyara kowanne da sunan da muke kiransa. Akwai Babban Bulo, na farko da aka fara fitarwa. Ƙarfi kamar me, amma zafi yake yi, kuma idon da ke karanta faifai ba ya daɗewa. Akwai Siriri, na ƙarshe, kyakkyawa, ya shiga jaka ba ka ji ba. Shi yara suke so. Amma cikinsa a cunkushe yake, babu inda za a sa diskin ajiya, in ka sa masa cip ɗin buɗe wasanni kuma sai ya riƙa ƙona idonsa. Sai Ƙaramin Bulo, na tsakiya. Shi ne magana. Yana da ɗaki a bayansa da ake zura diski, ka zuba wasa ɗari a ciki, ba ruwanka da faifai ba ruwanka da ido. Fanel ɗinsa yana da fili, cip ya zauna daram. Amma ko a cikinsu ba duka ba, sai mai lamba biyar a ƙarshen lambar da ke gindinsa. Kuma an daina yin su tun Manaja ba ta yi wayo ba.

Duk wannan bayanin Mai Agogo na yi wa, maƙwabcin shagona, don shi kaɗai ne bai canza min gaisuwa ba. Ya saurara da madubinsa a ido, ya ce, "Injiniya, ni fa tambayarka na yi ko ka karya."

Ban karya ba. Na ce masa na karya.

Laraba, 4 ga wata, 6:30 na yamma

Inda za ta, tafiyar yini guda ce. In ya lalace ba na nan.

Alhamis, 5 ga wata, 4:20 na yamma

Na je layin 'yan gwanjo wajen Dogo. Rumfarsa na nan yadda na san ta, gem a kan gem har rufi, igiyoyi a ƙulle kamar hanji. Ya tare ni da murna fiye da kima, daga nan na san labari ya iso nan ma.

Ya ɗauko min Siriri fari tas, ya goge shi da hannun riga. "Oga, in na 'yar makaranta ne, wannan ka ɗauka. Mara nauyi."

Ni ban ce masa na 'yar makaranta ba ne. Na bar shi.

Na ce Ƙaramin Bulo nake so, mai lamba biyar. Ya fito da guda uku. Na farko na girgiza shi na ji abu na yawo a ciki. Na biyu na shinshina bayansa, ƙauri, an taɓa ƙona shi. Na uku lambarsa daidai, murfinsa fes, amma sitikar da ke rufe da noti an yanka ta da reza an mayar. Na ce sai na buɗe. Ya ce haba Oga, ni da kai? Na ce ni da kai ɗin, kawo sukundireba.

Rigar ta Ƙaramin Bulo ce, fanel ɗin na Babba. An sauya masa ciki. Dogo ya rantse shi ma haka aka kawo masa, kuma wataƙila gaskiya ne. Na yi masa faɗan da ya fi laifinsa. Na ce mutum ya nuna maka abu a waje, ya ɓoye wani a ciki, wannan ai cin amana ne. Ina faɗa sai Dogo ya sunkuyar da kai yana naɗe igiya, mai rumfar kusa ya juya baya yana tari.

Na dawo a ƙafa. Ban so in zauna kusa da kowa a mota.

Asabar, 7 ga wata, 8:00 na safe

Na dafa shayi kofi uku. Hannuna ne bai ji labari ba tukuna.

Asabar, 5:45 na yamma

Na mayar da kujeru biyu mazauninsu, na bar sauran. A waccan ta kusa da taga kawun Manaja ya zauna. Na gaya musu ranar, takardar samun gurbin karatunta ban yaga ba, ban ƙona ba, ajiyewa kawai na yi. Ya kalle ni kamar na zage shi. Mamanta ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Kai ba ka iya roƙon mutum ya zauna ba, sai dai ka cire masa taya."

Shekara ɗaya ce fa ta rasa. Shekara ɗaya tak. Tana cin abinci, tana da lafiya, tana zuwa shago muna aiki tare. Wa ya mutu?

Na rubuta wannan na karanta, kuma ban ji daɗin mutumin da ya rubuta ba.

Litinin, 9 ga wata, 1:10 na rana

Wata mata ta kawo talabijin, ta ga ni ne, ta ce au, ta yi mantuwa, za ta dawo. Ta ɗauki abinta ta tsallaka titi wajen wancan mai gyaran da ko mitar gwajin wuta bai iya riƙewa ba. Allah ya ba da sa'a.

Na bi shaguna huɗu. Siriri ko'ina, kamar ana rabawa. Na fara tunanin ko in haƙura da shi. Zan iya sa masa cip, in ƙara masa ɗan abin da ke kare ido, ya yi shekara biyu, uku in an lallaɓa. Amma na san Manaja ba ta lallaɓa abu. In ta zauna wasan tseren mota sai an kira ta sau biyar. Siriri ba zai ɗauka ba.

Sauran kwana sha huɗu.

Laraba, 11 ga wata, 3:30 na yamma

An samu!

Dogo ne ya kira, duk da abin da na yi masa. Wani tsohon malamin makaranta ya kwashe kayan ɗansa da ya yi aure ya bar gida, ya kawo. Ƙaramin Bulo, lamba biyar, sitika ba a taɓa ta ba. Ƙura kawai. Na yanka sitikar da hannuna a gaban Dogo, na ɗaga murfi, wallahi sai da na ji ƙwalla. Fanel kore shar, ko ɗigon tsatsa babu, ba wani mai gyara da ya taɓa sa masa hannu. Irin wannan sau ɗaya kake gani a shekara biyar.

Na ba Dogo haƙuri. Ya ce, "Ba komai Oga, kowa da ranar da yake tashi ta hagu." Ya ƙara min hannun gem ɗaya kyauta, ya zama biyu. Na so in ce masa ɗaya ya isa, sai na fasa.

Na rungumo shi har shago kamar jariri. Na buɗe baki in ce, Manaja zo ki gani. Kujerarta na nan, na ɗora mata tsohuwar rediyo don kada in riƙa ganinta babu kowa.

Alhamis, 12 ga wata, 6:50 na yamma

Na je gidan Yaya. Na ce ta gaya wa Manaja tsohon ya mutu, amma na samo wanda ya fi shi, zan sa masa cip da diski, in zuba mata duk wasannin da ta sani. Na ce ta gaya mata lamba biyar ne, za ta gane.

Yaya ta shiga ɗaki da waya, ta rufo ƙofa. Ina jin muryar Yaya, ba na jin ɗayar. Na matsa kusa da ƙofar, sai na ga abin da nake yi, na koma na zauna.

Ta fito. Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce duk ɗaya."

"Kin ce mata lamba biyar?"

"Na ce mata. Kai, ƙanena, wai kai ba ka da wata magana a duniya sai ta ƙarfe? Ga wayar nan, lambarta ba ta canza ba."

Na ce ai ba za ta ɗauka ba. Ta ce ka gwada? Na ce dare na yi, zan tafi. Ta zuba min abinci a kwano ta ɗaure da ɗankwali, ta ce in dawo mata da kwanonta, ta san halina.

Juma'a, 13 ga wata, 12:00 na rana

Na fara. Na cire kafasito sha ɗaya na sa sababbi, duk da na ciki ba su nuna komai ba tukuna. Na canza fanka. Na canza ɗan batirin agogo. Na wanke fanel da burushi. Mai Agogo ya leƙo ya ce ko amarya ba a yi mata wannan gyaran.

Lahadi, 15 ga wata, 4:00 na yamma

Gidan nan ya yi min girma. Na koma kwana a falo.

Litinin, 16 ga wata, 5:10 na yamma

Na zura diski, na gwada memorinta a wani gem na shago don in tabbatar. Na buɗe wasan tseren mota. Jerin waɗanda suka fi gudu yana nan: MANAJA, MANAJA, MANAJA, har tara. Na goma BABA. Na tuna ranar. Tana shekara sha ɗaya, ta saki hannun gem ɗinta ana saura kwana ɗaya a gama, wai yatsanta ya ƙage. Ƙarya take, so take in shiga jerin.

Na yi tsere ɗaya ni kaɗai. Na zo na bakwai cikin takwas. Ban ajiye ba, kada in taɓa mata jerinta.

Saura cip. Silin waya goma sha takwas ne, kowanne bai kai gashin kai kauri ba, kowanne da ƙafar da za a liƙa shi da dalma. Idona ba kamar da ba. Shekarar nan da ta wuce ita ke yi min irin wannan aikin, ni ina riƙe mata tocila. Hannunta ya fi nawa tsayuwa, ban taɓa gaya mata ba. Zan ari madubin Mai Agogo.

Talata, 17 ga wata, 2:15 na rana

Na liƙa takwas. Kowanne na sheƙi.

Mai Agogo ya zo karɓar madubinsa, ya tsaya yana kallo. Na shiga yi masa bayani, ni da bakina da ba ya gajiya. Na ce babu faifai balle ido ya mutu. Kafasito sababbi, shekara ashirin ba abin da zai same su. Fanka sabuwa. Na ce wannan gem ɗin ko ni na mutu yana nan yana aiki.

Ya yi dariya ya ce, "To ai shi ke nan, Injiniya, ka sallami kanka. Wannan kam har ta yi jika ba za ta neme ka ba."

Wasa yake yi. Ya ɗauki madubinsa ya fita yana fito. Ni kuwa ayan ɗin liƙi na hannuna har dalmar ta ƙone ta yi baƙi.

Laraba, 18 ga wata, 9:00 na safe

Har ta yi jika.

Laraba, 6:20 na yamma

Ban taɓa shi ba yau.

Maigidan da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, yana da wata dabara. In babban mutum ya kawo rediyo, sai ya gyara tsaf, amma ya bar ƙafa ɗaya da ɗanyen liƙi. Wato ka ɗora dalma, ka janye ayan kafin ta kama da kyau. A ido ta liƙe. A mita ta liƙe. Rediyo ya yi ta waƙa. Amma yau zafi gobe sanyi, sati biyu ko uku sai ta saki. Mutum ya dawo, a taɓa da ayan sau ɗaya, ya tafi yana sa albarka. Yana ce min, "Mai gyaran da ya gyara gaba ɗaya, shi ya kori kansa." Ranar da na buɗe shagona na yi rantsuwa ba zan taɓa yi ba, kuma shekara ashirin da huɗu ban yi ba. Kowa a layin nan ya sani, ko waɗanda suka daina gaishe ni.

Me ya kawo wannan maganar ma? Tunawa kawai na yi.

Alhamis, 19 ga wata, 11:40 na safe

An gama. Sha takwas cif. Ya tashi a bugun farko, wasa ɗari da shida, duk suna buɗewa.

Alhamis, 3:05 na yamma

Ƙafa ta tara ce.

Ba wani abu ba ne. Ba zai ƙone ba, ba abin da zai goge, memorinta ba ruwansa. Wata rana za ta kunna, allo ya yi baƙi, shi ke nan. Sai ta kira. Ko ta sa Yaya ta kira, amma Yaya ba ta san komai a kai ba, dole ta miƙa mata. In ce mata ki yi kaza, ki duba kaza. In bai yi ba in ce to bari in zo, tafiyar yini guda ce kawai, minti biyu zan gyara. In ga ɗakinta. In ga ko ta rame.

Wa na cuta? Uba ne yake son ganin 'yarsa.

Asabar, 21 ga wata, 10:30 na safe

Na tashi da niyyar gyarawa. Wallahi da niyya na tashi. Na zo shago da wuri, na jona ayan, na kwance noti huɗu cikin takwas. Sai ga Yaya, wai yau za a ɗaure kaya, gobe ba lokaci, in ba ta yanzu.

Da na ce ta ba ni minti goma, za ta ba ni. Ta ma zauna, ta cire takalmi, tana hira da Mai Agogo a kan ciwon gwiwa. Ayan ya yi zafi, yana gabana. Na mayar da notin nan huɗu, na ɗaure su tamau. Na naɗe shi da tawul, na sa hannu biyun, na sa memori a ambulan.

Yaya ta ce, "Ba ka rubuta mata komai?"

Na rubuta a bayan ambulan ɗin: Kada ki toshe bayan fanka. Yaya ta karanta, ta dube ni, ta girgiza kai, ta sa takalminta.

Litinin, 23 ga wata, 7:00 na safe

Motar ƙarfe bakwai ce.

Litinin, 7:40 na safe

Na buɗe shago kamar kullum. Na gyara fanka biyu da dutsen guga.

Alhamis, 26 ga wata, 1:00 na rana

Yaya ta ce sun sauka lafiya. Ɗakin Manaja a hawa na biyu yake, su biyu ne a ciki. Mamanta na gidan ƙanwarta, ba nisa. Ban tambayi gem ba, Yaya ce da kanta ta ce wai yana yi.

Yana yi. To madalla.

Litinin, 30 ga wata, 5:30 na yamma

Na ƙara wa wayata ƙara har ƙarshe. Ko banɗaki da ita nake shiga. Yau ta yi ƙara sau uku: mai dutsen guga, wani da ya yi kuskuren lamba, sai Dogo yana tambaya ko ina son Siriri.

Na tsara abin da zan ce. In fara da sanyi, kada in nuna ɗoki. Na'am Manaja. Allon ne? To ki cire wuta, ki ƙirga goma, ki mayar. Bai yi ba? Ki cire diski ki mayar. Nan ma bai yi ba? To sai dai in gani da idona. Na maimaita shi har Mai Agogo ya leƙo ya ce da wa nake magana.

Juma'a, 4 ga sabon wata, 12:30 na rana

Kwana sha biyar da liƙawa. Ya kamata a ce ya fara. Ko garin nasu ba zafi? Ko ba ta kunnawa? In ba ta kunnawa fa, yana ƙarƙashin gado a naɗe cikin tawul ɗina?

Ko kuma hannuna ne ya ƙi yin mugun aiki ko da na sa shi. Na zauna ina addu'ar aikina ya lalace. Kai, wannan wace irin rayuwa ce.

Litinin, 7 ga wata, 8:10 na safe

Shiru.

Laraba, 9 ga wata, 4:50 na yamma

Ta kira. Bari in rubuta yadda aka yi, kada gobe in gyara shi a kaina ya fi haka kyau.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, ina cikin bayan wata talabijin. Na ga sunan, sukundireba ta faɗi cikin talabijin ɗin, har yanzu tana can.

Ta ce, "Baba."

Kwana sittin da uku. Duk abin da na tsara na farawa da sanyi ya tafi. Na ce, "Na'am Manaja, allon ne ya yi baƙi ko? To ki cire wuta, ki ƙirga..."

Ta ce, "Ban ce maka allo ya yi baƙi ba."

Ina jin wasu 'yan mata na dariya can nesa a bayanta, da ƙarar ƙofa, sai ta koma inda ba kowa.

Ta ce, "Ran Lahadi ya yi. Na ari ayan a ɗakin gwaji na makaranta, na buɗe. Baba, sili sha bakwai kamar inji ne ya liƙa su. Na tara kaɗai ne dalmarsa ta yi fari, ta dunƙule. Kai ka koya min liƙi mai kyau sheƙi yake yi. Kai ka sa na sake ƙafa ɗaya sau shida ina kuka."

Na ce idona ne, ba kamar da ba.

Ta ce, "Baba."

Haka kawai ta ce, ba da ƙarfi ba.

Ta ce, "Na liƙa shi. Yana aiki. Na kwana uku ina tunanin ko in kira ko in bar ka kana jira, yadda na yi ta jira." Ta ci gaba, "Da na buɗe na ga fanel ɗin, na ga kafasito, na ga fanka, sai da na yi kuka, na ce Babana ya yi min aiki. Sai na ga na taran. Me ya sa ba za ka iya faɗa da baki ba? Sai ka ɓoye abu a cikin abu?"

Na ce, "Na ji tsoro ba za ki sake nemana ba." Ban san daga ina ya fito ba. Na ce gidan ba kowa, na ce ina kewarta, na ce hannunta ya fi nawa tun tuni. Duk a jere, kamar mai karanta lambobin kaya. Mai Agogo ya taso ya ja min ƙofar shago a hankali daga waje.

Na ce, "Ki yafe min."

Ta ce, "Na taran?"

Na ce, "Da ɗayan."

Na duba wayar ko ta yanke. Sannan ta ce, "Wancan ba yau ba." Ta ce in ina son jin muryarta, ran Asabar ƙarfe biyar ba ta da aji, in kira da kaina, ba ta hannun Gwaggo ba. Ta ce kada in tambaye ta gem. Ta ce in ta sake samun wani abu a ɓoye, ko ƙanƙane ne, to kada in ƙara neman ta, kuma ba wasa take ba.

Na san ba wasa take ba.

Alhamis, 10 ga wata, 9:20 na safe

Na gaya wa Mai Agogo abin da na yi, duka. Ya cire madubin daga idonsa, abin da ba ya yi ko zai ci abinci. Ya ce, "Amma kai dai, Injiniya, anya?" An jima ya aiko min da shayi.

Asabar, 12 ga wata, 3:00 na yamma

Na share shago sau biyu. Na ɗauki takarda in rubuta abin da zan ce. Layi na farko fanka, na biyu diski, na uku ko hannun gem ɗin na biyu ya samu mai riƙewa. Na soke duka. Ashe shekara sha tara duk hirarmu akwai wani abu a buɗe a kan tebur tsakaninmu. Yau babu, kuma ban san me ake cewa ba.

Saura awa biyu.

Asabar, 5:15 na yamma

Minti huɗu. Na tambaye ta ko ta ci abinci har sau uku. A na ukun ta ɗan yi dariya, ta ce, "Baba, na ci." Daga nan ni ina jin numfashinta ita tana jin nawa, kuma ba wanda ya kashe.

Ita ta fara kashewa. Amma sai da ta ce, "Sai Asabar."